Ranar da Wuta Ta Ci Alkamar Lemuel

Yau babu Orpha a gidanmu. Ni 'yarta ce, karatuna bai yi nisa ba, amma ga labarinta yadda ta sha ba ni shi.

Tana budurwa a Nebraska ta ƙasar Amurka, mahaifinta Enoch Tillery ya sa ta karɓi filin gwamnati da sunanta, daura da nasa. A doka, mace marar aure in ta zauna a fili shekara biyar ya zama nata, in kuwa ta tare gidan miji kafin nan ya suɓuce. Akwai rafi a cikin filin, shi ne abin da Enoch yake kwaɗayi. Sai ga maƙwabcinsu Lemuel Voss ya fito neman aurenta.

Wata Lahadi da kaka suna cin abinci a gidan Enoch, Lemuel ya sake ta da maganar.

"Saura shekara biyu," in ji Enoch. "In zaman gwauro ya ishe ka, 'yan mata na nan a gari."

"Baba, bara ma jira ka ce," in ji Orpha.

"Da ke nake?"

Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a faranti. Lemuel ya ɗauki hularsa.

"Zan jira, Baba. Amma ka bari in yi maka huɗa kewaye da gidan nan. Ciyawa ta bushe, kowa ya yi tasa saboda wuta."

"In nome ciyawar da shanuna za su ci da sanyi? Je ka koya wa tsaranka noma."

Ba a daɗe ba, wata rana da hantsi Orpha na shanya a filinta sai ta ga hayaƙi ya tokare yamma, iska kuma gabas ta nufa. Zomaye suka riƙa wucewa ta gabanta. Ta ruga gidan mahaifinta, ta tarar da shi yana fama da bokiti ɗaya, ga ciyawa har gindin bango.

Sai ga Lemuel da shanun nomansa da garma.

"Alkamarka fa?" ta tambaye shi, don ta san ya tara girbinsa a can gona, inda huɗarsa ba ta kewaye ba.

"Garma ɗaya gare ni. Jiƙo buhu ki rufe musu ido, in sun ga wuta ba za su tafi ba."

Ta rufe idon shanun, ta kama igiya tana jan su. Yana bayanta yana danna garma, baƙar ƙasa na juyewa a kan ciyawa. Hayaƙi ya rufe su har ba ta ganin ƙafarta. Tartsatsi ya kama gefen rigarta, ta murje shi da hannu ba ta tsaya ba.

"Orpha, sake su ki gudu!" in ji Enoch.

"In na sake su, Baba, gidanka ya tafi."

Suna haɗe zagaye na ƙarshe wutar ta iso. Ta zo bakin huɗar ta rasa abin ci, ta rabu biyu ta wuce. Daga nan suka tsaya suna kallon gonar Lemuel na ci.

Enoch ya zauna a ƙasa. Ya dubi tafin hannun 'yarsa da ya saluɓe, sannan ya juya ga Lemuel.

"Lemuel, yaushe fasto zai biyo ta nan?"

"Ƙarshen wata, Baba."

"To, ka nemo riga mai kyau. Ba zan ba da 'yata ga mai kama da gawayi ba."

"Filin fa, Baba?" in ji Orpha.

"Gwamnati ta riƙe abinta."

Haka aka yi auren iyayena, ba alkama ko tiya guda, suka kuma tsufa tare ba wanda ya taɓa jin kansu. Ba su gudu ba, ba su zagi tsoho ba, haƙurinsu ne ya karya kwaɗayinsa. Iyaye, kada ku tsare 'ya'yanku saboda abin duniya.

Mai karatu, taya ni roƙo. Ubangiji ya ba Orpha hutu, ya sanyaya zuciyar Baba Lemuel da ta bari shi kaɗai. Ka ce amin.