Gujiya Ɗaya, Wake Uku

A can wani zamani an yi wata yarinya mai garaje da ke zaune da kakarta. Ran da ruwan shuka ya sauka, kakar ta ce, "Jikalle, ɗebo mana iri. Kowane rami gujiya ɗaya, wake ɗaya."

Yarinya ta ga ƙirge zai ɓata mata lokaci, sai ta ɗauko sikeli, ta auna gujiya da wake nauyi ɗaya. Ba su kai rabin gona ba gujiya ta ƙare, ga wake tuli.

"Kaka, sikelin nan maƙaryaci ne!"

"Sake tambayarsa," in ji kakar.

Ta sake aunawa a gurguje, gujiya ta sake ƙarewa.

"Kaka, sikelin nan maƙaryaci ne!"

"Sake tambayarsa a hankali, ƙasa fa na bushewa."

Sai ta zauna ta natsu. Ta ɗora gujiya ɗaya a gefe guda, tana jefa wake ɗaya-ɗaya a ɗaya gefen. Sai da ta jefa uku suka daidaita. Ta ƙyalƙyale da dariya, ta auna wake sau ɗaya, gujiya sau uku.

A rami na ƙarshe irin suka ƙare tare, ƙasa ma ba ta rabu da damshi ba.