Rubutun Hannun Hagu

Ranar da ta fara shiga shagonsa na gyaran kwamfuta, rungume take da kwamfutar kamar jaririya. Irin mai rabuwa biyu ce: a cire madannan a ajiye, gilashin ya zama allo, a yi rubutu a kai da alƙalaminsa.

"Madannan ne suka mutu?" ya tambaye ta.

"Su ko sun mutu ba ruwana. Alƙalamin ne ya daina rubutu, kuma shi ne bakin Babana."

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ta da kyau. A tsaye ta yi masa bayani. Mahaifinta mai zanen allunan shaguna ne, rabin allunan layin nan aikinsa ne. Bara shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke masa magana da hannun dama. Yanzu da hagu yake rubutu a gilashin, kuma ita kaɗai ke iya karantawa, don mahaifiyarta ta daɗe da rasuwa.

Kan alƙalamin ne ya cinye. Nan take ya canza shi, amma ya ce dole ya zo gida ya ga yadda tsohon yake riƙewa. Ni dai ban taɓa jin gyaran da ke kai mutum gidan mutane kullum da yamma ba, amma mai son ɗan tsuntsu shi ke binsa da jifa.

Ita tana ce masa Injiniya don tsokana, shi kuma ya laƙaba mata Tafinta.

"Tafintata, yau me Baba ya rubuta a kaina?"

"Ya ce takalminka ya fi ka kunya, shi a waje yake tsayawa."

"Ki ce masa zuciyata ma a ciki take kwana."

Gwaggo, ƙanwar Baba, ba ta so wannan zirga-zirga ba. Ɗanta take yi wa kamun Tafinta, wanda ya yi alƙawarin ɗauko nas ta kula da tsohon. Baba dai kallo kawai yake yi.

Wata rana Injiniya ya zo da murna, ya taɓa wani abu a kwamfutar, ya miƙa alƙalamin. Baba ya rubuta "sannu" da kyar, haruffan suna tangaɗi. Kafin ya ɗage hannu rubutun ya ɓace, wasu haruffa tsaf irin na na'ura suka maye gurbinsa.

"Ka gani, Baba? Yanzu kowa zai karanta, ba sai an sha wahala ba."

Baba ya sake rubutawa, ya sake ɓacewa. Hawaye ya gangaro masa ta ɓarin da ya shanye. Ya danna alƙalamin da ƙarfi, na'urar ta gyara masa tsaf, kowa a ɗakin ya karanta: "Fita. Kada ka dawo."

Daga ranar Baba bai ƙara taɓa alƙalamin ba. Ko ruwa yake so sai dai ya kalli kofin. Gwaggo ta samu abin faɗa, Tafinta kuwa ta rame don baƙin ciki, ga kewar uba yana zaune a gabanta, ga kewar wanda ya jawo hakan. Da saƙonnin Injiniya suka ishe ta, ta ba shi amsa ɗaya:

"Mutumin da ya ciyar da mu da kyan hannunsa, ka sa na'ura ta ce masa hannun bai yi ba. Abin da ya rage masa ke nan, Injiniya. Ina sonka, amma ba zan auri wanda ya rufe bakin Babana ba."

Ya karanta, ya kulle shago, ya bi layin a ƙasa yana ɗaga kai. Allon mai ɗinki, na mai aski, na mai magani, kowanne da wata 'yar lanƙwasa a wutsiyar haruffan. Irinta ce ya gani a "sannu" ɗin nan kafin ta ɓace. Kunya ta kama shi har ya rasa inda zai sa kansa.

Washegari ya durƙusa a bakin ƙofar Baba. Ya kashe abin da ya kunna, ya cire madannan ya tura su gefe, ya naɗe alƙalamin da roba don ya yi kaurin riƙo.

"Baba, na yi wauta, ka yafe mini. Yau ba taimako na kawo ba, aiki na kawo. Shagona ba shi da allo."

Tsohon ya daɗe yana kallonsa. Can ya miƙa hagu. Rubutun ya fito a karkace, ya kuma tsaya inda aka ajiye shi. Tafinta ta leƙa, dariya da kuka suka zo mata tare.

"Ya ce sunan shagon naka ma bai yi ba."

Makonni suka yi suna aikin allon, har Gwaggo ta gaji ta janye. Ranar da iyayen Injiniya suka zo neman aure, Baba ya rubuta: "Na ba shi. Katin ni zan rubuta."

Ya rubuta kuwa, harafi bayan harafi, yana yi yana hutawa. Bai ga bikin ba. Ana saura kaɗan Allah ya karɓi abinsa.

Mai buga kati ya ce a bari ya ɗan miƙar da layukan. Injiniya ya ce ko ɗigo kada ya taɓa.

Ranar ɗaurin aure, da aka watse, amarya ta zauna da katin a cinya tana shafa layin ƙarshe, wanda ya gangara ƙasa don hannun ya gaji. Angon ya zauna kusa da ita.

"Kawo in karanta miki, Tafintata. Yau ki huta."

Bai yi tuntuɓe ko a harafi ɗaya ba: "Allah ya yi muku albarka, 'ya'yana."

Ta ce amin, ta kifa kai a kafaɗarsa ta yi kukanta.