Sanyin Kwamfutar Nazifi

Babu Nazifi a gidan nan yanzu. Ku matso kusa, ku rage murya, kada Inna ta ji mu.

Ku da kuka taso a Gusau ba ku san shi sosai ba. Ƙanina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni tela ne, karatuna bai yi nisa ba. Shi kuwa kwamfuta ce rayuwarsa. Da hannunsa ya harhaɗa ta daga tsofaffin kayan kasuwa, don ya riƙa buga wasan ƙwallo.

Matsalarta zafi. Da ta ɗau zafi sai wasan ya dinga tsayawa. Ɗan wasa ya ɗaga ƙafa ya daskare, kafin ya motsa an zura masa ƙwallo. Abokansa su ce, "Nazifi, wannan kwamfuta ce ko murhu? Kawo ƙwai mu soya!"

Abin yana ci masa rai. Ya rage kyan hoton wasan. Ya goge tarkacen da ke cikinta. Ya sauya fanka. Duk a banza.

Wata Laraba, dab da magariba, ya kwance ta ya kai ta bayan gidanmu, gefen tsohuwar rijiyar da aka rufe, zai hure mata ƙura. Inna ta sha hana mu shara ko kakkaɓa a wurin nan idan rana ta faɗi. Shi ko bismilla bai yi ba.

Na zagaya in kira shi salla. Sai na ga wani dattijo a tsugune gabansa. Ban san shi ba. Kuma bayan gidanmu ba shi da ƙofa.

Bakinsa ya motsa. Shiru. Sai da ya rufe bakin, sannan muryar ta iso.

"Yaro, ka zuba mana ƙura a abinci."

"Yi haƙuri, Baba. Ban gan ka ba."

"Me ke damun akwatin?"

"Zafi, Baba."

"Zan cire mata. Amma sai an sami mai riƙe shi. Ka yarda?"

Nazifi ya yi dariya, ya ɗauka ruɗin tsufa ne. "In dai wasan zai tafi daidai, na yarda."

Na so in yi a'uziyya, harshena ya yi nauyi. Dattijon ya ɗora tafinsa a kan kwamfutar. Ladan ya ɗaga murya, na waiwaya. Da na juyo, babu kowa.

Daga ranar wasan bai ƙara tsayawa ba. Sumul. Abokansa suka daina tsokana, suka koma layin karɓar hannun buga wasan. Na taɓa kwamfutar tana tsakiyar aiki, sanyi kamar randa. Na leƙa ciki. Fankar ko juyawa ba ta yi.

Sai na taɓa goshin Nazifi. Na janye hannuna da sauri.

"Nazifi, kashe abin nan."

"Yaya Tukur, bari in gama wannan."

"Jikinka wuta ne!"

"Gajiya ce kawai."

In ya tashi, zazzaɓin ya sauka. In ya zauna gabanta, ya dawo fiye da da. Na cire wayar na ɓoye a shago, ya aro wata. Muka kai shi asibiti, aka yi gwaji, aka ba da magani. Malam Zubairu na masallacinmu ya zo ya yi masa ruƙiyya. Na kwashe kwamfutar gaba ɗaya na kulle a ɗakina. Amma zafin ya riga ya zauna.

Ranar ƙarshe ya riƙe hannuna, leɓɓansa duk sun tsage. Ya ce, "Yaya, ka je ka ce masa na fasa."

Na je. Na tsaya bakin rijiyar da magariba, na yi sallama, na roƙa, na yi kuka. Babu wanda ya amsa. Kafin in dawo ɗaki, Inna ta fara salati.

Likita ya ce zazzaɓi ne. Na san ajali ba ya wuce lokacinsa. Abin da idona ya gani kawai na faɗa muku. Da muka dawo daga maƙabarta na buɗe ɗakina. Kwamfutar tana ƙasa, babu waya, babu wuta. Na sa hannu. Da ɗuminta, kamar jikin mutum.

Kada ɗayanku ya zagaya bayan gidan nan shi kaɗai da magariba. Kuma kowa ya tambaye ku ko kun yarda, ku fara tambayarsa da me.

Ku ɗaga hannu ku taya ni. Allah Ya jiƙan Nazifi, Ya sanyaya masa kabarinsa, Ya ba Inna haƙuri. Ku ce amin.