Gishiri a Bakin Injin Niƙa

Da hantsi matar Tsuruta Kanji ta shigo caji ofis, ta ce mijinta bai dawo daga aiki ba tun jiya. Ba ta yi kuka ba, abin da ya fi damun Insifeto Nagahama ke nan. Roƙonta ɗaya, a nemo mata shi, ko da rai ko babu.

Masana'antar da Tsuruta yake aiki tana bakin teku. Can ake tara farin soson roba da aka ɓamɓaro daga bangon tsofaffin ɗakunan sanyi da akwatunan kifi, a wanke, a niƙa, a narkar, a sake buga sabbin alluna. Soson ya taru har rufi, fari fat, yana ƙiƙi-ƙiƙi alhali ba mai taɓa shi. Insifeto ya ratsa ta tsakaninsa ya fara yi wa ma'aikata tambayoyi.

Shugaban ma'aikata, dattijo Ogata, ya rantse Tsuruta ya tashi daga aiki jiya ƙarfe biyar. Matan da ke wankin soso suka ce haka ne, idonsu a ƙasa. Amma da aka buɗe akwatin ajiyar Tsuruta, ga takalman da yake zuwa da su daga gida. Mutum dai ba ya tafiya gida da safa kawai a ƙafa.

A ɗakin niƙa Insifeto ya ga wani farin abu a ƙasa wanda ba ya manne wa wando kamar ɓurɓushin soso. Ya dangwala, ya lasa. Gishiri.

Ya tambayi Ogata ko ana shigo da gishiri nan. Dattijon ya ce haram, ai don shi ake wanke akwatunan kifi sau biyu, ƙwaya kaɗan sai ta ɓata narki duka.

"To, Baba, kai da ka shekara talatin kana korar gishiri, me ya sa ka barbaɗa shi a bakin inji? A garin nan sai inda aka yi mutuwa ake yi."

Ogata ya amsa da ƙasa-ƙasar murya.

"Yallaɓai, tsoro na ji kada fatalwar Tsuruta ta biyo ni gida."

Ya ce dokar wurin, kafin a kunna inji sai mutum ya nuna ciki da yatsa ya faɗa da ƙarfi cewa ba kowa. Jiya sau ɗaya tak ya tsallake, ashe Tsuruta ya shiga cire abin da ya maƙale. Tsoron a rufe masana'antar ya sa ya ɓoye gawar cikin akwatuna da ƙanƙara, ya roƙi matan su yi shiru. A nan aka sami gawar.

Da za a wuce da Ogata, ya tsaya gaban injin, ya ɗaga hannuwansa da ankwa, ya nuna ciki da yatsa.

"Ba kowa a ciki," ya ce.

Insifeto ya kama hannunsa suka fita.