Gurbin Babban Yatsa

Ƙarar da ta shigo ofishin 'yan sandan garin Esbjerg da hantsin nan ta ba kowa dariya. Wani dattijo ne ya bugo waya daga gidan tsofaffin da ke bakin teku, ya ce an sace masa jita. Da kurtun da ya ɗauki wayar ya tambaye shi yaushe rabonsa da ganinta, sai ya ce ai ga ta nan a rataye a bango yana kallonta.

Sufeto Troels Vinther ne kaɗai bai yi dariya ba. Dama a ofis Mai Mafarki suke ce masa, don sai ana tsakiyar taro ka gan shi ya zuba wa taga ido kamar wanda ke jiran jirgin ruwa. Sunan dattijon ne ya tsaya masa a rai: Ejnar Bisgaard. Tun Vinther yana ƙarami iyayensa kan kai shi ɗakin rawa na tashar jiragen kamun kifi, ya kwanta a kan benci, kiɗan jitar mutumin nan mai kaurin murya, irin wadda ake kira bas, yana ratsa katako yana shiga haƙarƙarinsa har barci ya ɗauke shi.

Ya ɗauki rigar ruwansa ya fita.

Shugabar gidan tsofaffin ce ta tare shi a bakin ƙofa, ta yi ƙasa da murya.

"Sufeto, ka sha wahalar banza. Ejnar ya fara rikicewa ne. 'Yarsa da kanta ta duba jitar, ta ce ita ce. Likita ya riga ya yanke, ƙarshen mako za mu mayar da shi sashen da ake kullewa."

"Can akwai tagar teku?"

"Babu. Kuma ba a shiga da kayan kiɗa."

Ɗakin Ejnar cike yake da hasken ruwa, yana wasa a rufi. Dattijon na zaune a kujera, dogo, ƙashi da fata, wandonsa rataye a kafaɗa da jajayen igiyoyi. A gefen gado wata mace ce 'yar ƙarama mai furfura jefi-jefi tana yanka masa baƙin burodi da kifi, shi ko kallon farantin bai yi ba. Ita ce Vibeke, 'yarsa tilo.

Jitar na bango. Fentinta ruwan zuma ne da ya dafe, ya tsattsage kamar ƙasan tafkin da ya ƙafe, gefen da hannu ke gogawa ya cinye har katako ya fito.

"Ka gan ta ko?" in ji Ejnar. "Kyakkyawa. Amma baƙuwa ce."

"Baba, don Allah," in ji Vibeke.

"Ta yaya ka gane?" Vinther ya tambaya.

"Yatsana ne ya gane, ba ni ba. Tun ina saurayi babban yatsana ke zama wuri ɗaya a bayan wuyanta, har ya haƙa wa kansa gurbi. Ran nan na ɗauke ta, yatsa ya je gida ya tarar an tashi."

Vinther ya sauke jitar, ya juya bayanta. Akwai gurbi a wuyan, santsi, baƙi-baƙi, sai dai ƙarami ne, kuma ya karkata can ƙasa. A bayan gangar jikin kuwa fenti ya kwarzane wuri guda, irin kwarzanen da kan bel ke yi wa jita idan makaɗi ya daɗe yana tsaye da ita.

Ya dubi jajayen igiyoyin nan.

"Ejnar, ka taɓa ɗaura bel?"

"Bel? Ni? Ka tambayi duk matan Esbjerg da suka haura saba'in."

Vibeke ta yi 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba.

"Ke kina kaɗawa?" Vinther ya tambaye ta.

"Ko kaɗan. Ni malamar lissafi ce, ban gaji komai ba sai taurin kai."

Wanda ya fi kowa ziyartar Ejnar shi ne Frode, tsohon mai gangar ƙungiyar kiɗansu. Vinther ya same shi a kan jirgin da ke ƙetarawa tsibirin Fanø, inda yake wuni yana kai da komo don kawai ya ga ruwa. Injin jirgin na gunji a ƙarƙashin ƙafafunsu da murya ɗaya doguwa, har Sufeto ya ɗan manta abin da ya kawo shi. Can ya tambayi Frode ko ya taɓa fita da dattijon suka bar jitar a ɗaki.

"Ni ban fitar da Ejnar ko'ina ba," in ji Frode. "Mutumin da ko banɗaki ba ya zuwa sai ya yi wa jitarsa sallama?"

"Mai sayar da tikiti ya ce ya gan ku tare a watan jiya. Ya ce kuna waƙa."

"Munafukin Allah, ashe yana da kunne." Frode ya sosa ƙeya. "To, mun je. Mun ci soyayyen kifi, ya ɗan kurɓi abin da likita ya hana shi. Shi ya sa na yi shiru. Ka kama ni in kana so, dama gidana sanyi gare shi."

"Wa ya kawo shawarar tafiyar?"

"Vibeke. Ta ce iska za ta yi masa amfani. Ita ta tsaya gyara masa ɗaki."

Frode ya kalli tsuntsayen da ke bin jirgin, can ya ƙara da cewa, "Ka san Ejnar ya sa mu duka mun yi masa alkawari? In ya mutu da jitar za a rufe shi, a cikin akwati ɗaya. Na ce masa, kai tsoho, tsutsa ba ta rawa. Bai ji ba."

A duk yankin mutum ɗaya ne ke ƙera sabuwar jita ya tsofar da ita, wato Palle Munksgaard, a wani tsohon ɗakin gyaran komar masunta da ke bayan tashar jiragen kamun kifi. Sana'a ce da ni har gobe take ba ni mamaki. Mutum ya yi oda, ya jira watanni, don a miƙo masa sabon abu da ya yi kama da wanda ya sha duniya. Amma kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma masu tuna bara suna da yawa a garin nan.

Jitoci ne rataye a layi, suna lilo a hankali duk da babu iska. Wata na cikin firjin kifi, don in an fito da ita cikin ɗumi fenti ya tsattsage. Ƙarafunan wata na jiƙe a ruwan teku suna yin tsatsa. Ga damin makullai da ake jifan katako da su, ga baƙin shayi da ake rina farin roba. Wurin yana ƙamshin fenti da hayaƙi, ka rantse ka shigo ɗakin rawar da aka rushe tun tuni.

Palle ya dubi jitar da Sufeto ya ɗauko daga ɗakin Ejnar ya ajiye masa, ya kau da kai.

"Ban taɓa ganinta ba."

"Na yi zaton haka," in ji Vinther. "Aikin ɗan koyo ne. Dubi tsagar fentin nan, da reza aka yi ta."

"Reza!" Palle ya fizge jitar. "Reza a shagona? Wannan sanyi ne ya tsaga ta, da kanta, yadda Allah ke yi! Ka kawo min wanda zai bambance ta da ta asali in..."

Ya tsaya, bakinsa a buɗe.

"Ci gaba, ina jin ka."

Palle ya zauna a kan akwati. Ya ce sunan mai oda ba zai fito daga bakinsa ba, amana ce, kuma shi an ce masa kyauta za a yi wa dattijon, ba musanya ba. Ta asalin bai taɓa riƙe ta ba, don Ejnar ba ya barin kowa ya taɓa masa ita, ko tsirkiya shi ke canza abarsa. Da tsofaffin hotunan wasa ya yi aiki.

"Hotuna gaba suke nunawa," in ji Vinther. "Bayan fa?"

"Baya na yi yadda kowa ke yi. Wace tsohuwar jita ce ba ta da tabon bel?"

"Ta mutumin da bai taɓa ɗaura bel ba."

Palle ya dafe goshi. Na tabbata da an ce masa shagonsa ya ƙone ba zai ji zafin da ya ji ba.

"Gurbin yatsan fa? Shi ma ƙiyasi ne?"

"A'a, wannan ba na ƙiyasi. Duk mai oda sai na shafa masa gawayi a hannu, in ba shi wuyan tun yana fari, in ce ya rufe ido ya kaɗa waƙar da ya fi so. Inda yatsa ya bar baƙi, nan nake gogewa. Wanda ya zo ya ce ya san riƙon dattijon sarai, a hannunsa ya koya."

"Wace waƙa ya kaɗa?"

"Wata 'yar waƙar reno. Ya kaɗa har ya jiƙa min katako da hawaye."

Vinther ya kwatanta nasa yatsan a gurbin. Ko rabinsa bai shiga ba.

Washegari da rana ya koma gidan tsofaffi. An riga an ajiye kwalaye a bakin ƙofar Ejnar, Vibeke na ninke masa riguna. Dattijon na kallon teku, hannunsa na hagu yana motsi a kan gwiwa, yana danna tsirkiyoyin da babu su.

"Vibeke, riƙe min wannan in ɗaure takalmina," in ji Sufeto, ya miƙa mata jitar.

Ta karɓa ba tare da tunani ba. Gangar ta kwanta a ƙugunta, hannun hagu ya zagaye wuyan, babban yatsa ya zame ya faɗa gurbin ya zauna daram.

Vinther bai sunkuya ba, takalminsa ma ba mai igiya ba ne.

"Kin ce ba kya kaɗawa."

Ta dubi hannunta. Ta so ta janye yatsan, amma uban ya riga ya juyo ya gani.

"Vibeke," in ji Ejnar a hankali. "Haka kike riƙewa tun kina 'yar mitsitsiya. Kullum ina ce miki ki ɗaga yatsan sama."

Nan ta zauna a bakin gado da jitar a cinya.

"Ta asalin tana gidana, a ɗakin kwanana. Ban sayar ba, ban ko goge ta ba." Ta juya ga uban. "Baba, ka ce da ita za a binne ka. Mama ta tafi, gidanmu an sayar, ɗakin rawa an rushe. Ita kaɗai ta rage da ke da muryarka. Da ita kake sa ni barci. Na ce in kai ka tafi, ita ma ta tafi, me zan saurara? Na ce a yi maka wata, ƙasa ba ta san bambanci ba."

"Da ya gane fa?" Vinther ya tambaya.

"Na tsorata. Likita ya tambaye ni, na ce ita ce. Daga nan kullum sai in ce gobe zan faɗa."

"Goben nan ita ce ranar da za a kulle shi," in ji Vinther.

Ni kam ta ba ni tausayi, kuma ta ba ni haushi, duka a lokaci guda.

Hasken ruwa na ta kai da komo a rufi.

"Jitar ba ita ta ƙona min rai ba," in ji Ejnar. "Na yi kwanaki ina tambayar kaina ko da gaske na haukace. Har na fara yarda da ku."

Vinther ya kira shugabar gidan, ya ce a kwashe kwalayen, a kuma kira likita. Sannan ya gaya wa Vibeke cewa za su biya ta gidanta su ɗauko abin mutane, daga can sai ofis ta ba da bayani. Ta miƙe ta ɗora jitar a kan gado, ta bi shi ba gardama.

Sun kai bakin ƙofa dattijon ya ce, "Sufeto, miƙo min baƙuwar nan."

Ya ɗora ta a cinya, ya laluba bayan wuyan, ya cusa ƙaton yatsansa a ɗan gurbin iya inda ya shiga. Ya rufe ido.

"Ka gaya wa Frode na canza magana. Da wannan za a rufe ni, tana da yatsan 'yata. Tsohuwar kuwa a dawo min da ita yau. In na tafi ta ɗauka." Ya buɗe ido ya dubi Vibeke. "Da tambaya kika yi, 'yar nan."

Vibeke ta toshe bakinta da hannu, Sufeto ya kama gwiwar hannunta suka fita.

A wajen ajiye motoci, kafin ya buɗe mata ƙofa, wani sauti mai kauri ya sauko daga tagar da ke kallon teku, a hankali, yana ɗan tuntuɓe. Waƙar reno ce. Vinther ya tsaya da makulli a hannu, bai tayar da mota ba sai da dattijon ya kai ƙarshenta.