Ɗigon Haske a Ƙwayar Ido

Sati biyu ke nan ina koyon cire fitilar hoto daga kan kyamara in kafa ta gefe, a kan sanda, cikin lema mai tausasa haske. Maigidana a shagon hoto kullum maganarsa ɗaya ce: "Duba ɗigon haske a ƙwayar ido, shi zai gaya maka inda ka ajiye fitilarka."

Ran nan bayan ya tashi, na tsaya a shago ina gwaji da kujera. Wajen sha ɗaya na dare wata dattijuwa ta shigo. Ban ji ƙarar ƙofa ba, alhali ƙofarmu ba ta buɗuwa shiru.

"Ɗana, ɗauke ni hoto."

Ta zauna, ɗakin ya cika da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na kai fitila hagunta, na danna, na ƙara girman idonta a fuskar kyamara yadda aka koya mini.

Ga lema fes a ciki. Ga ni tsaye. A bayana kuwa ga ta, haɓarta a kan kafaɗata.

Na ɗaga kai, tana nan zaune a kujera, bakinta a rufe.

"Hasken bai yi ba, ɗana," aka ce daidai kunnena. "Sake."