Ke, Waccan

Ranar wata Alhamis, rana ta yi ja, na ɗauki kwanon tuwo na nufi garkata a bakin tabki. Ba ban ruwa ya kai ni ba. Ɗiyata ta fari ce can tun azahar da ordinater, wato kwamfuta, a cinya, don a duk unguwarmu nan ne kaɗai rezo, sabis ɗin waya, ke tsayawa da ƙafarsa.

Sunana Barira. Kifi nake banda ina kaiwa kasuwar Ɗan Issa. Ban shiga lakkal ba, a jikin buhun taki da allon salula na koyi boko, kuma ban roƙi kowa ba. Sunanta kuwa ba za ku ji shi daga gare ni ba. Ɗiyar fari ce. Tun ranar suna ban taɓa ɗora shi a harshena ba. In ina son ta sai in ce, "Ke, waccan." Ta yi karatu a Yamai, ta dawo tana ce mini wannan kunya ta tsufa. Na ce in ta tsufa, ai tare muka tsufa. Duk inda kuka ga sunan a nan, bakin wani ne ya faɗe shi.

Aikinta, ita da wasu mutane warwatse cikin duniya, yawancinsu ba su taɓa ganin juna ba, suna gina wani abu cikin na'ura da suka sa wa suna Zaure. Kamar gayya suke yinsa. Kowa na iya kawo hannu, kowa na iya ɗauka kyauta. Na taɓa tambayarta amfaninsa.

"Tambaya biyu yake yi, Inna. Ta farko, wane ne kai? In ya tabbata kai ne, sai ta biyu: ina da ina aka yarda ka shiga? Masu asibiti na sa shi a ƙofar bayanan marasa lafiya. Masu makarantu ma haka."

"Wato aikin da ubanki ya yi a zauren gidan nan har ya mutu."

"Shi ke nan fa."

"Shi ma ba wanda ya gode masa."

A kwanakin nan suna shirin fitar da sabon zubi na Zaure. Sun tsayar da Juma'a. Yadda ta bayyana mini, shirin bai da bambanci da ɗaurin kayan kasuwa. Abin da ya gyaru a sa a buhu, abin da bai gyaru ba a bar shi sai wani jiƙo, kuma in an ɗinke bakin buhu ba a ƙara komai. Ita da wani Ashiru, abokin aikinta na Maradi, su ke riƙe da hatimi. In ba su biyun suka yarda ba, zubi ba ya fita. Nata hatimin wani ɗan ƙarfe ne da bai kai ɗan yatsa ba, ta rataye shi a wuya kamar laya. In za ta yarda da abu sai ta soka shi a gindin salula ta danna.

Babban abin da suke taƙama da shi cikin sabon zubin shi ne gane mutum da murya. Ta ce saboda irin masuntanmu ne, masu manta kod, lambar sirri, kafin su isa gida. Don gwaji ta ɗauki muryata, a garkar nan, wata rana da almuru. Na ce mata ba a surutu a bakin ruwa a wannan lokaci. Ta yi dariya. Na dai yi mata bayanin yadda ake banda tarwaɗa. Da ta kunna mini, na ji maganata daidai. Amma duk inda na tsaya in ja numfashi, sai in ji an ja wani bayan nawa.

"Iska ce, Inna."

"Iska ce kam," na ce. Ba irin wadda take nufi nake nufi ba.

Bayan nan ne wani sabon mutum ya ɓullo cikin gayyar tasu. Ba hoto, ba gari. Baƙo kawai ya rubuta a matsayin suna. Aikinsa tsaf, ba kuskure, kuma ba ya zuwa sai rana ta faɗi. Gyara ɗaya yake son a sa masa cikin buhu: duk muryar da aka gane sau ɗaya, kada a ƙara tambayarta, kuma kowace ƙofa ta buɗe mata.

Ranar Laraba ina fige zogale na ji su da Ashiru, ta saki muryar salula a fili.

"Hafsatu, bakin buhu ya ɗinku. Wannan gyaran ba ya shiga."

"Aikinsa ya fi naka kyau, shi ya sa kake jin haushi."

"Ya fi nawa, na yarda, ni ai ɗan kabu-kabu ne da ya ɓace hanya. Amma wane ne shi? Kin taɓa jin muryarsa?"

"Ya ce zai kira ni gobe da yamma. In na ji shi sai in yanke."

"Mai taya mu gina zaure, shi bai yi sallama ba. Ki dai yi hankali da hatiminki."

Goben ke nan nake bisa hanya da tuwo.

Hanyar 'yar siririya ce tsakanin garake. Ƙanshin albasa da aka ba ruwa, warin laka, da hayaƙin masunta daga can nesa. Masu garka duk sun tashi. Kwaɗi sun cika wurin da kuka, sauro na bugun kunnena. Daga cikin gari ladan ya ɗaga kiran magariba. Na ƙara sauri ina shirya faɗan da zan yi mata.

Kafin ladan ya kai ƙarshe, kwaɗin suka yi shiru. Ba ɗaya bayan ɗaya ba. Gaba ɗaya, kamar an kife musu ƙwarya.

Na tura ƙyauren garka. Tabarma na nan. Ordinater a buɗe, yana haske. Takalmanta a jere gefe guda. Ita babu.

Na duƙa na karanta abin da ke bisa allon, don ita ce ta juya musu rubutun da Hausa. Cewa ya yi: "An gane murya. Barira ce. A ba ta izinin shiga ko'ina?"

Ni kuwa ban buɗe baki ba tun da na baro gida.

Sai na ji kira daga wajen ruwa.

"Hafsatu."

Muryata ce. Har da ɗan karcen nan da hayaƙin banda ya bar mini a maƙogwaro.

Na ajiye kwanon a hankali. Na leƙa ta saman danga. Tana cikin tabki, ta ba ni baya, ruwa ya kai mata gwiwa. Salula a hannunta na hagu, hasken ya faɗa bisa ruwan. Igiyar hatimin ba ta a wuyanta. Tana reto a gindin salular.

"Inna, kina ina?" ta ce, can ƙasa-ƙasa.

"Ga ni gabanki. Ƙafata ta kafe a laka. Matso," in ji muryar.

Gabanta ba kowa. Ciyayin ruwa ne kawai, da wani wuri baƙi a tsakiyarsu inda ruwan bai motsi.

Ta ƙara taku. Ruwa ya kai cinya.

"Sanyi nake ji, Hafsatu. Danna mini in shigo. Ni ce fa. Ai na'urarki ta shaida ni."

Wani wari ya taso, kamar na rijiyar da aka daɗe da rufewa. Na tsallake danga, ƙaya ta yage mini zane. Laka ta riƙe takalmina ɗaya, na bar mata. Tsakanina da ita da nisa, ga tsufa. Na ga ko na shiga da gudu ba zan cim mata ba.

Ruwa ya kai mata ƙugu. Na ga babban yatsanta ya tashi bisa salular.

Na buɗe baki. Sunan ya taho da kansa, ya zauna bisa harshena. Duk uwa ta san wannan. In ɗa zai faɗa wuta, kunya ba ta zuwa kai.

Abin da ya tsayar da ni, shirun da aka yi ne. Muryar ta daina magana. Jira take. So take in faɗa. In na faɗa, mun zama murya biyu masu kira iri ɗaya, ɗiyata kuwa za ta bi wadda ta fi kusa.

Na haɗiye sunan. Ya yi mini ɗaci.

"Ke, waccan," na ce. "Uban wa ya aike ki cikin ruwa da magariba? Tuwo na hucewa."

Ta tsaya.

Ba ta juyo ba. 

"Kada ki waiga, Hafsatu," in ji muryar. "Wadda ke bayanki ba ni ba ce."

Ta daɗe tsaye. Ina jin ruwa na ɗiga daga gefen mayafinta.

"In ke ce," ta ce da raɗa, "kira ni."

"Hafsatu."

"A'a. Kira ni yadda kike kirana."



Ciyayin suka kwanta gefe guda, ba iska.

Sai aka ce, a hankali, kamar yaro mai koyon baƙi a allo:

"Ke..."

Ta fizge hatimin daga salular. Ta jefar da salular. Hasken ya nutse yana juyi, kuma bai mutu ba.

Lokacin na riga na shiga ruwan. Na cafke wuyan hannunta. Sanyi ƙalau. Na ja, ba ta taho ba. Wani abu ya riƙe ta daga ƙasa.

"Inna, ƙafata."

Na soma karanta Ayatul Kursiyyu da ƙarfi, ina tuntuɓe a kan kalmomin. Wani abu ya zagayo idon sawuna. Kamar hannu, amma ba ƙashi a ciki. Bai ja ni ba. Shafawa yake yi, yatsa bayan yatsa, kamar mai tayin akuya.

Na tattara duk ƙarfin da ya rage mini na fizga. Muka faɗa baya cikin laka.

Da rarrafe muka fita.

Ban tsaya ɗaukar komai ba. Ita ta rufe ordinater ta rungume shi. Muka bi hanyar garake, hannunta cikin nawa, ba mai waigawa. A bayanmu ana ta gwadawa.

"Ke... wa..."

"Ke, wac..."

Sai da muka ji ƙarar injin niƙa na bakin gari kwaɗi suka dawo da kukansu.

Juma'a ta zo, zubi bai fita ba. Tana kwance da zazzaɓi ta ari salulata ta kira Ashiru. Ban san abin da ta gaya wa sauran mutanen duniya ba. Shi dai Ashiru gaskiya ta gaya masa, kuma bai yi dariya ba. Ya ce ya duba, duk aikin Baƙo ya ɓace daga cikin gayyar, kamar bai taɓa zuwa ba. Suka kwance bakin buhu, suka fitar da maganar murya gaba ɗaya, suka sake tsayar da wata rana. Da zubin ya fita, an yi ta yi musu tsiya cewa sun koma baya. Ta ce su yi.

Malam Mahaman na masallacinmu ya yi mata rubutu ta sha. Zazzaɓin ya sauka. Garkar kuwa na bar wa wani maƙwabci, da sharaɗin ya riƙa tashi kafin rana ta yi ja. Rezo yanzu bisa soro take nemansa.

Wata rana muna zaune tsakar gida ta ce, "Inna, a aikinmu akwai doka. Kalmar sirri in wani ya ji ta, ta mutu. Sai an sake wata."

"To ni me zan sake? Abin da nake kiranki da shi tun kina goye?"



Ba a jima ba, wata magariba, ina alwala a bayan ɗaki, bakina cike da ruwa. Ita tana ciki tana shimfiɗa sallaya. Sai na ji daga bayan katanga, ta wajen da ke kallon tabki, daidai, ba tuntuɓe, har da faɗan da ke ciki:

"Ke, waccan."

Na zubar da ruwan. Na leƙa ɗaki. Tana tsaye bisa sallaya, idonta a kan ƙofa, ba ta amsa ba. Tun daga ranar ba ta ƙara amsa kiran da ba ta ga bakin mai shi ba, ko da nawa ne.

Sunanta ba na iya faɗa. Abin da nake faɗa a madadinsa an ɗauke. Yanzu in ina son ɗiyata, komai ciwon gwiwa, sai in tashi in taka har inda take, in kama wuyan hannunta.

Hannu dai, abin nan na tabki bai gama koyonsa ba tukuna.